Ƙaton kan nan da gangan aka yi shi

Maganar wani ɗan boko ce ta tunzura ni na zauna yin wannan rubutun. Ana kallon hoton wani ginshiƙin katako da aka sassaƙa a ƙasar Ekiti, sarki na zaune da kambinsa, uwargidansa na tsaye a bayansa har ta fi shi tsawo, sai mutumin nan ya kwashe da dariya ya ce wai mutanen da ba su san awo ba, dubi ƙaton kai, dubi idanu a waje, ai yaran da ke fitowa daga makarantun fasaha yanzu sun fi su iyawa nesa ba kusa ba, tunda su in suka yi maka gwamna sai ka rantse shi ne a tsaye.

Abin ya dame ni sosai, don ba shi kaɗai ke da wannan tunanin ba. Har cikin masu ba da kwangilar mutum-mutumin da ake kafawa a shataletalen biranen Kudu haka suke gani.

Ni dai ra'ayina shi ne, masassaƙan Yarbawa na da sun san abin da suke yi sarai, suna da ƙa'idojin kyau da suka yi ɗaruruwan shekaru suna tacewa, kuma a cikin masu yin mutum-mutumi na yau waɗanda suka riƙe wannan tunanin su ne aikinsu ke da rai. Waɗanda suka watsar da shi suka koma neman tsawo da kama da hoto kawai, su ne ke cika mana tituna da abubuwan da ba wanda ke waiwayarsu bayan ranar yanka ƙyalle.

"Ai ba su iya ba ne"

Wannan ce ta fi sauƙin amsawa. A 1938 ana haƙa harsashin gida a unguwar Wunmonije da ke Ile-Ife, kusa da fadar Ooni, sarkin Ife, aka ci karo da kawunan tagulla da na jan ƙarfe fiye da goma. Duk wanda ya taɓa ganin ko da hotonsu ne ya san abin da nake nufi: kumatu, leɓe, tudun goshi, har naɗin fatar wuya, komai a zaune kamar mutumin zai buɗe baki ya yi magana. Masana sun ce an yi su tsakanin ƙarni na 12 da na 15.

Kuma aikin ba na wasa ba ne. Sai an gina siffar da yumɓu, a lulluɓe da kakin zuma a zana komai a jikin kakin, a sake rufewa da wani yumɓun, a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan a zuba narkakken ƙarfe a gurbin da ya bari. In aka yi kuskure sau ɗaya shikenan, sai dai a faro daga farko.

Kyawun aikin ne ma ya sa Bajamushen nan Leo Frobenius, da ya je Ife a 1910 ya ga irin waɗannan kawunan, ya ƙi yarda baƙar fata ne suka yi, ya ƙirƙiro labarin wai ragowar wata tsohuwar daula ce da ta nutse a teku mai alaƙa da Girkawa. Ƙarya ce tsagwaronta kuma bincike ya daɗe da rusa ta.

To ga inda nake so a lura. Su waɗannan maƙeran na Ife da suka iya fuska har haka, in suka tashi yin mutum cikakke daga kai har ƙafa, sai ka ga kan ya ɗauki kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jiki, alhali a jikin ɗan Adam kai bai wuce ɗaya cikin bakwai ko takwas ba. Mutumin da ya iya auna tazarar ido da hanci daidai wa daida ba zai kasa auna kai da gangar jiki ba. Ya zaɓa ne.

Dalilin zaɓin kuwa yana cikin yadda Bayarabe ke kallon mutum. A wurinsu kai, wato ori, shi ne mazaunin rabon mutum da halinsa, har suna rarrabe kan waje da ake gani da kan ciki da ba a gani, kuma addu'arsu kullum kada na ciki ya ɓata na waje. Abin da ya fi daraja shi ake ba wa fili mafi girma. Shi ya sa in suka sassaƙa mayaƙi a kan doki za ka ga mahayin ya danne dokin, dokin ɗan ƙarami a ƙarƙashinsa, duk da cewa doki abu ne mai tsada a wurinsu, daga arewa ma masarautar Oyo ke sayo dawakin yaƙinta.

Abin da idon Bayarabe ke nema

A shekarun 1960 wani Ba'amurke mai suna Robert Farris Thompson ya zaga garuruwan Yarbawa yana jera sassaƙe-sassaƙe a gaban mutane, sarakuna da masassaƙa da talakawa, yana tambayar wanne ya fi kyau kuma me ya sa. Abin da ya burge ni a wannan aikin shi ne mutanen ba su tsaya inda-inda ba, suna da kalmomin sukar aiki a bakinsu tun kafin ya zo.

Suna son siffa ta yi kama da mutum, amma kada ta zama wane ɗan wane da tabonsa da ramarsa. Suna son kowace gaɓa ta fito fili a gan ta. Suna son jiki ya yi sumul yana ɗaukar haske, tsayuwa ta miƙe. Suna son a nuna mutum a ganiyar ƙarfinsa, ba jariri ba, ba tsoho tukuf ba, ko da wanda ake nufi ya kai shekara casa'in. Sannan fuska ta zama a sanyaye, baki a rufe, ba dariya ba fushi, ko da kuwa mutumin a fagen yaƙi yake.

Wannan ta ƙarshen ita ta fi kama ni, don mu ma mun san ta. Sarki ba ya ɗaga murya, dattijo ba ya bari a karanta zuciyarsa a fuskarsa cikin taro. Kamun kai kenan. Yarbawa na cewa hali shi ne kyau, kuma Farfesa Rowland Abiodun, wanda shi ɗan ƙasar ne daga Owo, ya shafe rayuwarsa yana nuna cewa ba za a fahimci fasaharsu ba sai ta harshensu da kirarinsu.

Ni a ganina mutum-mutumin Bayarabe ya fi kusa da kirari a kan hoton fasfo. Mai kirari ba ya lissafa maka furfura da giɓi, yana kamo abin da ya sa ka zama kai ne ya ɗaga shi sama.

Dubi ƴan tsanan tagwaye da suke kira ere ibeji. Ƙasar Yarbawa ta yi suna wajen haihuwar tagwaye, garin Igbo-Ora a jihar Oyo har biki yake yi musu. In ɗaya ya rasu, ko da yana ɗan wata uku ne, za a je wurin masassaƙi ya yi ƙaramar siffa, amma ba siffar jariri zai yi ba, cikakken mutum zai yi da kitso ko aski da tsagar gidansu, a tsaye ƙyam. Uwar ta riƙa yi masa wanka tana shafa masa mai tana sa masa tsakiya, har fuskar katakon ta sule saboda taɓawa. Wanda ya ce wannan rashin sanin yadda jariri yake ne, bai tsaya ya yi tunanin abin da uwar ke son gani ba.

Ginshiƙin da aka yi wa dariyar kuma, aikin Olowe ne na garin Ise, wanda ya rasu a 1938, kuma yanzu haka ginshiƙin yana gidan adana kayan fasaha na Chicago a Amurka. Uwargidan ta fi sarkin tsawo ne saboda ita ce ke ɗora masa kambi ranar naɗi, ƙarfin da ke bayan gadon sarautar kenan aka nuna. Olowe ba ɓoyayyen mutum ba ne da za a rubuta "ba a san mai aikin ba" a ƙarƙashin kayansa kamar yadda gidajen tarihin Turai suka daɗe suna yi, sarakunan Ekiti rububinsa suke yi, yana da yara masu koyo da yawa, kuma yana da kirarin kansa da ke cewa yana sarrafa icen iroko mai tauri kamar mai gyaran ƙwarya.

Abin da ake kafawa yau

Yanzu mu zo kan titi. A 2017 gwamnatin Legas ta buɗe mutum-mutumin Obafemi Awolowo a Alausa, yana zaune a kujera, tsawonsa ƙafa 20. Me mutane suka yi ta magana a kai? Wai bai yi kama da shi ba, wai takalmin da aka sa masa mai igiya ne ba irin nasa ba. Makonni ana wannan cecekucen.

Ban ga laifin masu ƙorafin ba. In ka yi wa mutane alkawarin hoto to da ma'aunin hoto za su auna ka, kuma duk ranar da hanci ya ɗan karkace ka faɗi. Amma abin takaicin shi ne ba wanda ya tambayi ko aikin ya nuna wane ne Awolowo, mutumin da ya kawo ilimin firamare kyauta a Jihar Yamma a 1955. Tambayar da tsohon masassaƙin Ekiti zai fara yi wa kansa kenan kafin ya ɗaga gizago.

Sai na Moremi a Ile-Ife, wanda Ooni Adeyeye Ogunwusi ya kafa a 2016, ƙafa 42. Labarin Moremi labari ne mai nauyi: mace ta bari maharan da suka addabi garinsu suka kama ta don ta gano sirrinsu, ta gano kayan ganyen da suke rufe jiki da su wuta na cin su, ta gudo ta faɗa wa mutanenta, sannan ta cika alwashin da ta ɗauka da ran ɗanta tilo. Wutar da ke hannun mutum-mutumin tana da tushe a labarin, wannan gaskiya ne. Amma tsayuwar da ɗaga hannun duk na mutum-mutumin ƴanci ne na New York, har sunan ma an ara. A garin da ya ba duniya kawunan Wunmonije! Wallahi abin yana min ciwo. Niyyar girmama Moremi mai kyau ce, amma da aka tashi neman yadda jaruma ke tsayawa sai aka tsallaka teku, ga amsar a ƙofar gida.

Kwatanta da dattawan nan uku masu farar hula da Bodun Shodeinde ya yi a 1991, waɗanda ke yi wa mai shiga Legas maraba. Ba fuskar wani takamaiman mutum ba ce a jikinsu, amma duk ɗan Ikko ya gan su ya san hakiman gargajiya ne masu ƙasa, daga hular da ɗaurin zanen da yadda suka riƙe hannu na gaisuwa. Ba wanda ya taɓa cewa ba su yi kama ba, kuma yau su ne tambarin birnin a zukatan mutane. Tsawonsu bai kai rabin na Moremi ba.

"Zamani ya canza, a bar mai fasaha ya yi abin da yake so"

Na yarda, kuma ban ce a koma ana kwafar aikin kakanni layi bayan layi ba. Wannan ma shi ne babban kashe al'ada. Je kasuwar kayan tarihi ta Lekki ka ga yadda ake jera ibejin da aka sassaƙa jiya aka shafa musu toka da hayaƙi don su yi kama da tsofaffi a sayar wa baƙi, ba rai a cikinsu ko kaɗan.

Ita sassaƙar Yarbawa ai ba ta taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Olowe da kansa a ƙyauren fadar Ikere ya sassaƙa Baturen mulkin mallaka, Kyaftin Ambrose, ana ɗauke da shi a ragaya zuwa gaban sarki, sarkin na zaune da kwarjininsa ya fi Baturen cika ido. An kai ƙyauren baje koli a Wembley a 1924, gidan tarihin Birtaniya ya riƙe shi aka ba sarkin kujerar sarauta ƙirar Ingila a madadinsa. Masu sassaƙa fuskokin katako na wasan Gelede a yankin Ketu da Yewa kuwa har babur da jirgin sama da keken ɗinki suna ɗorawa a kan fuskar, amma fuskar da ke ƙasa tana nan a sanyaye yadda take.

A kurmin Osun da ke Osogbo, wurin bautar gargajiya, siminti da rodi aka yi aiki da su. Adebisi Akanji birkila ne kafin ya haɗu da Susanne Wenger, ƴar Ostiriya da ta zauna a garin har ta rasu a 2009, su da sauran abokan aikinsu suka cika dajin da manyan siffofi masu lanƙwasa kamar saiwar itace, kuma wannan aikin na cikin abin da ya hana a sare dajin a yi filaye, har UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2005.

A cikin na yanzu, Peju Alatise ita nake fara kawowa misali. A baje kolin Venice na 2017, karon farko da Najeriya ta samu rumfarta, ta kai siffofin ƴan mata takwas masu fukafukai, baƙaƙe wuluk, sun yi da'ira, tsuntsaye na tashi a samansu. Maganar da take yi a kan yaran da ake kaiwa aikatau ne a gidajen Legas, yarinya na wanke-wanke da rana tana mafarkin tashi sama da dare. Kayan aikin na zamani ne, ƙarfe da faiba, matsalar ma ta yau ce, mu ma muna da ita a gidajenmu. Amma ba ta sassaƙa yarinya tana kuka da tsumma don a ji tausayi ba, ta ba su mutunci da natsuwa, ta nuna su yadda ya kamata su kasance. Irin tunanin mai ibeji ne sak. Don haka faiba ba ita ce matsalar shataletalenmu ba.

Dotun Popoola, wanda ya yi karatu a jami'ar Ife, da tarkacen ƙarfen mota da na babur da janareta yake walda dabbobi da fuskokin mutane. Yinka Shonibare, da aka haifa a Landan a 1962 ya tashi a Legas, ya yi suna da mutane marasa kai sanye da kayan Turawan da da aka ɗinka da atamfa. Shi ya danganta cire kan da yadda aka fille kawunan masu mulki a juyin juya halin Faransa, da kuma son kada a gane launin fatar mutumin. Amma duk wanda ya tashi a inda ake cewa kai ne mazaunin rabo, in ya ga mai mulki ba kai, akwai abin da zai ji wanda ɗan Landan ba zai ji ba. Haka aka yi ta muhawara a kan mutum-mutumin mawaƙi Fela marar kai da Abolore Sobayo ya yi a shataletalen Allen a Ikeja a 2017, wanda daga baya aka cire. Ko ka so shi ko ka ƙi shi, aƙalla ya sa mutane gardama a kan ma'ana, ba a kan igiyar takalmi ba.

"Mu Musulmi me ya haɗa mu da gumaka?"

Na san da yawa tun daga take suka fara wannan tambayar, kuma tambaya ce ta gaskiya. Ni Musulmi ne, na san hadisan da suka yi magana a kan masu sura abu mai rai, magana ce mai nauyi kuma ba ni ne zan sassauta wa kowa ita ba. Ban ce wani ya sayo ya ajiye a falo ba, ban ce a kafa a Kano ko Sakkwato ba. Masassaƙanmu sun zuba gwanintarsu a turmi da akushi da allo da sirdi, maginanmu a zanen bango da bakan gizo, kuma ba su rasa komai ba.

Amma hukuncin yin abu daban, faɗin gaskiya a kan abin daban. Addini bai ce in ka ƙi abu ka yi masa ƙarya ba. Ka ce ba ka yi saboda imaninka, wannan haƙƙinka ne kuma ina tare da kai. Ka ce waɗanda suka yi jahilai ne ba su iya awo ba, wannan kuma ƙazafi ne a kan maƙwabtan da muke kasuwa ɗaya da auratayya da su tun kafin zuwan Bature.

Kuma Musulmin Yarbawa sun daɗe suna fama da wannan tambayar a cikin gidajensu. Lamidi Olonade Fakeye, wanda za a iya cewa shi ne masassaƙin katako mafi shahara a Najeriya a ƙarni na 20, Musulmi ne ɗan Ila Orangun, an haife shi a 1928 ya rasu a 2009, gidansu sassaƙa suka gada kaka da kakanni. Ya yi wa coci ƙyamare, ya yi wa jami'ar Ife ƙaton Oduduwa, kakan Yarbawa, na katako a 1987, aikinsa ya kai har cibiyar Kennedy a Washington. Yadda ya daidaita sana'arsa da addininsa tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Abin da na sani shi ne ba bautar katakon yake yi ba.

A garin nasu na Ila Orangun ma an ga wata dabara a shekarun 1970. Iyalan Musulmi da Kirista da ba sa son ajiye ibeji na katako sai su kai tagwayen da ya rage wurin mai hoto, a wanke hotonsa sau biyu a takarda ɗaya gefe da gefe, kamar su biyun ne a zaune. In mace da namiji ne a sa masa kayan maza a ɗauka, a sa masa na mata a sake ɗauka. Katakon ya tafi, tunanin ya zauna.

Sannan kada mu ɗauka abin can nesa yake da mu. Tsofaffin siffofin gasasshen yumɓu na Nok a kudancin Kaduna aka tono su, kuma sun girmi na Ife da fiye da shekara dubu. Ɗaya daga cikin mafi kyawun aikin jan ƙarfe irin na Ife, wani mutum a zaune ya naɗe ƙafa ɗaya, a ƙauyen Tada na ƙasar Nufe aka same shi a bakin kogin Kwara. A cikin fuskokin da masu wasan dodanni na egungun ke sawa akwai ta Gambari, wato Bahaushe, akwai ta Tapa, wato Banufe. Sun daɗe suna kallonmu suna sassaƙa mu, ya kamata mu san da wane ido.

"Turawa ne suka ɗaga abin"

Akwai ƙamshin gaskiya a nan kuma ba zan ɓoye ba. Limaman Katolika ne, Kevin Carroll da abokin aikinsa, suka buɗe wurin sassaƙa a Oye-Ekiti a 1947 inda Fakeye ya ƙware a hannun George Bandele, ɗan shahararren masassaƙi Areogun. Wenger Baturiya ce. Farashin kayan ma har gobe a Landan da Paris da New York ake yanke shi.

Amma Carroll bai koya wa Bandele riƙe gizago ba, aiki ya kawo masa a lokacin da fadoji da wuraren bauta suka rage ba da aiki. Hannun da idon na gida ne.

In kana son ganin bambancin mai ɗauka da ilimi da mai ɗauka don ya ga abin ya yi kyau, dubi abin da ya faru a Venice a waccan shekarar ta 2017. Damien Hirst, attajirin mai fasaha na Ingila, ya fito da wani kan zinariya da ya kwafo daga kan Ife ya sa cikin baje kolinsa na kayan da wai aka tsamo daga jirgin da ya nutse. Victor Ehikhamenor, mai fasaha ɗan Najeriya, shi ne ya fito ya yi magana, ya ce yaran da za su ga wannan nan gaba za su ɗauka na Hirst ne. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne bayanin da aka rubuta a gefen aikin ya sake jawo sunan Frobenius da tatsuniyarsa, fiye da shekara ɗari bayan an yi ta.

Tasirin gaske kuwa ba ya buƙatar sata, kuma bai tsaya a kan Yarbawa ba. Ben Enwonwu Ibo ne ɗan Onitsha da ya yi karatu a Landan, amma shi ya yi Sango, gunkin tsawa na Yarbawa, riƙe da gatarinsa mai baki biyu a gaban ofishin hukumar lantarki a Marina a 1964. A birnin Salvador na Brazil, inda aka kai dubban Yarbawa bauta a ƙarni na 19, akwai manyan siffofin orisha takwas, wato abubuwan bautar gargajiya na Yarbawa, a tsaye kan ruwan tafkin Tororo, Tatti Moreno ya yi su a 1998, kowanne da abin hannunsa da ɗan Oyo zai gane nan take.

Inda gyaran yake

Matsalar a wurin ba da aiki take. Gwamna na son a buɗe abu kafin ya sauka, ana ba ɗan kwangila, ɗan kwangila ya nemi mai araha ya miƙa masa hoto ɗaya da wa'adin wata biyu, abin da kawai ake tambaya ƙafa nawa ne kuma ya fi na jihar maƙwabta tsawo ko bai fi ba. A da kuwa sarki kan ajiye masassaƙi a fada shekaru, yana ci yana sha yana jin tarihin gidan da kirarinsa kafin ya gama ginshiƙai da ƙyamare.

Ba sai an koma ciyar da masassaƙi a fada ba. Amma a yi gasa a fili, a sa masana tarihi da dattawan gari da iyalan wanda za a girmama su ga ƙaramin samfuri kafin a zuba kuɗi, a rubuta sunan mai aikin a jiki, a kuma ware kuɗin gyara, don siffofin simintin Osogbo ma sai da aka kafa gidauniya ta musamman kafin aka ceto waɗanda rodinsu ya yi tsatsa suka fara tsagewa.

Makarantun fasaha su ma da nasu. Ɗalibi na shekara huɗu yana zana gangar jikin Girkawa da awon kai ɗaya cikin takwas, wanda ba laifi ba ne ya iya, amma ya fita bai taɓa zama wata ɗaya a rumfar masassaƙi a Ila Orangun ko Osi ko Ise ba. Tun 1958 ɗaliban Zariya irin su Yusuf Grillo da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka tayar da wannan rigimar, cewa a haɗa abin da aka koya a aji da abin da aka tarar a gida. Jami'ar Ife ta ɗauki Fakeye ya koyar a 1978, mutumin da asalin iliminsa a gaban gizago ya samo shi. Yaran da ya koyar da ƴaƴan ƴan uwansa wasunsu suna nan da ransu suna aiki, sauran makarantun su je su ɗauko su su ba su aji da albashi tun ƙarfinsu bai ƙare ba.